Za a yi wa Baba aikin kansar dubura nan da sati uku, ya ce ban da leda

Maman Hanif: Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Don Allah shawara nake nema. Mahaifinmu tela ne, shekararsa 61. Ya fi shekara yana ganin jini a bayan gida muna ta cewa basir ne. Babu jiƙon da bai sha ba, har na masu talla a mota da lasifika. Sai da ya rame wandunansa suka daina zama a ƙugu, sannan yayanmu ya matsa masa aka je asibiti. Aka leƙa hanjin da na'ura, aka ɗebi tsoka aka auna, aka ce kansa ce a ƙarshen hanji dab da dubura. Ya gama gashin ciwon da hasken na'ura na sati biyar tare da ƙwayoyin kimo na maganin ciwon daji, ya huta, yanzu an sa ranar aiki nan da sati uku. Likita ya ce za su yanke wurin su haɗa hanjin, amma za a fito masa da wani hanji ta gefen ciki ya riƙa bayan gida a leda na 'yan watanni. Baba ya ce a yi aiki, amma leda kam ko sama da ƙasa za su haɗe. Ni ce zan zauna jinya. Ledar nan dole ce? Kuma mu 'yan jinya me za mu yi kada wata matsala ta biyo baya? Wata maƙwabciyarmu an ce aikinta ya yi kyau, kwana shida sai ga gawa. Shi ya sa na kasa barci.

Ummu Sadik: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ɗan Kurmi: 'Yar'uwa ku yi tunani tukuna. Tun muna yara muke ji, daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya bazu. Akwai masu magani na gargajiya da ke busar da shi ba yanka ba leda. Dattijo mai mutunci a rataya masa ledar kashi?

Dakta Na Tiyata: Wa alaikumus salam Maman Hanif, Allah ya ba Baba lafiya. Ban ga takardunsa ba, saboda haka magana ta ƙarshe tana bakin likitansa. Amma bari in yi bayanin ledar tunda ita ce ta tsaya masa a rai.

Wurin da ake haɗa hanji a wannan aikin can ƙasa yake cikin ƙugu. Wuri ne matsattse, jini ba ya isarsa sosai, ga shi an gasa shi. Ɗinkin yana son makonni kafin ya kama, kuma a irin wannan haɗin na ƙasa, wajen mutum ɗaya cikin goma ɗinkin nasa kan yi yoyo. In kashi na bi ta wurin a lokacin, cikin ciki zai zuba, ƙwayoyin cuta su shiga jini, a koma tiyata tsakar dare da mutumin da ya riga ya galabaita. In kuwa an karkatar da kashin ta leda, ko yoyon ya faru, sau da yawa allurai da robar zuƙe ruwa sun wadatar. Kun ga masu gyaran kwalbati ai, sai sun tare ruwa sun juya shi wata hanya har siminti ya bushe. Bayan wata biyu zuwa uku, ko bayan ya ƙarasa kimo, za a ɗura ruwan hoto ta dubura a tabbatar ɗinkin ya kama, sannan a mayar da hanjin ciki.

Ɗan Kurmi, maganar ƙarfe: mutane suna zuwa ne bayan ciwon ya riga ya bazu, a buɗe a tarar ya wuce, sai a ɗora wa wuƙa laifi. Tun 1982 wani likitan Ingila, Bill Heald, ya nuna cewa in aka cire ƙarshen hanjin tare da kitsen da ke kewaye da shi ɗungurungum ba a fasa shi ba, dawowar ciwon a wurin tana raguwa ƙwarai. Haka ake yi yanzu. Shekara guda da Baba ya yi yana shan jiƙon basir, ita ce ta ba ciwon damar girma.

Ɗan Kurmi: To Dakta, ai ku kullum naku ne daidai.

Kawu Direba: Ɗan Kurmi, ni ne dattijon da aka rataya wa ledar, shekara bakwai ke nan, kuma tawa ta dindindin ce don ni duburar gaba ɗaya aka cire aka ɗinke. Da ita na aurar da 'ya'ya biyu, da ita nake sallar Juma'a a sahun gaba. Na kusa da ni bai taɓa sani ba sai na faɗa masa.

'Yata Maman Hanif, ga abin da na so a ce wani ya gaya min. Kafin ranar aiki ku roƙa a zo a yi masa alama da biro a inda za a fito da hanjin, yana zaune, yana tsaye, yana sunkuye kamar mai ruku'u. Ni ba a yi min ba. Sai wurin ya faɗo daidai kan lanƙwasar tumbi inda tazugen wando yake bi, duk sanda na zauna ledar ta ɗage ta gefe. Wata uku ina fama da zubewa da ɗanyen gyambo. Abin da bai fi minti goma ba.

Na biyu, kada ya ɗaga abu mai nauyi. Ni wata biyu da aiki na ga yara suna wasa da buhun masara a bayan mota, zuciya ta ɗebe ni na sa hannu. Yanzu ina da ƙaba a gefen wurin kamar ƙwallon mangwaro, sai da ɗamara nake yawo. Ko kan keken ɗinki kada ya ce zai ɗauka.

In yana so, ki haɗa mu a waya. Irin wannan magana tsoho da tsoho suka fi fahimtar juna.

Maman Hanif: Kawu na gode, Allah ya saka da alheri. Zan yi maka magana ta akwati. Dakta, sati ukun nan fa, zama kawai za mu yi muna jira?

Dakta Na Tiyata: A'a, sati ukun nan rabin aikin ne. Yana shan taba ko shisha? In yana sha, yau ya ajiye. An fi so a ce sati huɗu kafin aiki, amma ko ukun riba ce, don hayaƙi yana hana jini isa ga ɗinki kuma yana jawo ciwon huhu. A auna jininsa, mai shekara yana zubar jini da wuya ya cika, a fara masa maganin ƙarin jini tun yanzu maimakon a jira neman masu ba da jini ranar aiki. In yana da ciwon suga a daidaita shi, suga mai yawa shi ne abokin ruɓewar ciwo. Ya ci ƙwai, kifi, wake, nono, nama. Ya riƙa tafiya kullum, ko zuwa masallacin da ya fi nisa a unguwa ne. Kuma ki tattara duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, ki zuba a leda ki kai wa mai ba da maganin barci ya gani. Kada ki ɓoye ko ɗaya don kunya.

Jajibirin aiki mai yiwuwa su ba shi maganin wankin hanji tare da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta. Ya shanye duka ko da ya gaji da zaryar bayi. Kada ku aske masa ciki da reza a gida, 'yan ƙananan yankan nan ƙofa ce ga cuta.

Inna Ta Gidan Liman: Duk na ji, amma ni abin da na sani mai aiki hutu yake so. Ki hana shi motsi sati guda kada ɗinki ya farke, abinci kuma sai ya yi tusa tukuna. Haka aka yi mana lokacin da aka yi min aiki.

Sista Mai Aikin Dare: Inna, Allah ya ƙara girma, a zamaninku haka ake yi, gaskiya ne. Amma an gano kwanciyar ce ke kashe mutane. Wani likita ɗan ƙasar Denmak, Henrik Kehlet, shi ya fara sauya wannan tsari a shekarun 1990, yanzu duniya ta koma kai. Washegarin aiki muke zaunar da mutum a kujera, mu riƙe shi ya taka zuwa bakin ƙofa. Ɗinki ba ya farkewa don tafiya. Huhu ne ke cika da majina in an kwanta, hanji ya yi barci, jini ya daskare a ƙafa. Ruwa da kunu marar kauri ma ana fara ba shi da wuri in likita ya yarda.

Maman Hanif, ki sayi balan-balan irin ta yara ya riƙa hurawa, ko ya ja dogon numfashi sau goma duk awa. In zai yi tari ya rungume filo a kan ciki. In zafi ne ke hana shi tashi, ki zo ki faɗa mana a ƙara magani, kada ya ce zai daure don shi namiji ne.

Sai maganar 'yan dubiya. Wallahi wani lokaci mutum goma sha biyar ne a kan gado ɗaya, kowa ya sha hannu da majinyaci, wata ta ɗaga zane ta leƙa ciwon. Ki ajiye sabulu ko ruwan goge hannu a bakin gado. Ki zama marar kunya na sati biyu, daga baya kya ba da haƙuri.

Inna Ta Gidan Liman: Hana dubiya kuma? Wannan ba tarbiyyarmu ba ce.

Sista Mai Aikin Dare: Su zo Inna, bibbiyu, su yi addu'a daga tsaye su tafi. Lada ba ta raguwa.

Dakta Na Tiyata: Yanzu maganar maƙwabciyarki da ta rasu a kwana na shida. Ban san dalilinta ba, amma kwanakin nan daga na uku zuwa na bakwai su ne lokacin da yoyon ɗinki ya fi bayyana, daidai sanda kowa ya saki jiki ana ta barka. Ke da ke zaune a gefensa za ki riga mu gani. Ki koyi ƙirga bugun zuciyarsa a wuyan hannu da agogon waya. In ya haura 100 a minti yana kwance kuma ya ƙi sauka, ko zazzaɓi ya zo, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko ciwon yau ya fi na jiya, ko ya fara sambatu, ko ruwan da ke fita ta robar gefen ciki ya koma ƙazanta, ko dai kawai kin ga ba Baban da kika sani jiya ba ne, ki tashi ki kira. In aka ce ki jira zagayen safe, ki ce a rubuta a fayil cewa kin faɗa da ƙarfe kaza. Kada a ce maleriya ce a wuce. Zazzaɓi bayan aikin hanji, ɗinki ake fara tuhuma.

Kuma kada a cusa masa komai ta dubura. Ba maganin matsi, ba ɗurin ruwa, ba garin magani, sai wanda ya yi aikin ya ce.

Mai Kemis: Dakta ka taɓo inda nake so. Mutane suna zuwa su sayi diclofenac na cusawa don ciwon bayan aiki, ko ibuprofen, ba tare da sanin likita ba. Wasu likitocin hanji suna guje musu gaba ɗaya a kwanakin farko saboda ana zarginsu da ƙara yoyon ɗinki, ga su da taɓa ƙoda. Amma ina da ƙorafi. Kuna rubuta allurar hana daskarewar jini, Clexane, ta kwana 28, kullum ɗaya. Kun san kuɗinta kuwa? Mutum ya sayar da fili ya biya gashi da tiyata, sai a miƙa masa wannan. Rabin masu zuwa wurina biyar suke saya su tafi. Mutumin da ke tafiya da ƙafarsa, lallai sai ya yi wata guda?

Hajiya Ta Maraɗi: Ɗana Mai Kemis, bari ni in ba ka amsa kafin lokotoro. Maigidana irin wannan aikin aka yi masa. Aka sallame mu kwana tara, lafiya lau, har ya ci tuwon shinkafa da hannunsa. An rubuta allurar, muka ga tsada muka ce ai ya warke. Kwana uku da komawa gida sha-raɓarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi. Na ɗauko man zafi na zauna ina murza masa da hannuna, ina cewa kwanciya ce. Da asuba ya tashi zai kama ruwa, ya ce min numfashinsa ba ya kaiwa. Kafin a samo mota ya cika. Daga baya aka ce min gudan jini ne ya taso daga ƙafar ya toshe huhu. Raguna biyu muka yanka na sadakar uku da bakwai. Ɗaya ya isa kuɗin allurar.

Ummu Sadik: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa Hajiya.

Dakta Na Tiyata: Allah ya gafarta masa. Mai Kemis, ƙorafinka gaskiya ne, tsadar tana damunmu mu ma. Amma kansa da kanta tana sa jini saurin daskarewa, aikin ƙugu ya ƙara, kuma haɗarin ba ya ƙarewa ranar sallama, shi ya sa aka ce sati huɗu. Wanda ba shi da hali ya faɗa wa likita ƙarara tun kafin sallama a duba abin da zai yiwu, kada ya yi shiru ya yanke wa kansa. A sa kuɗin allurar cikin lissafin aiki tun farko lokacin da dangi ke karo-karo. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ba a murzawa, asibiti ake tafiya a ranar.

Mai Kemis: Na karɓa. Amma ku riƙa faɗa musu dalili kamar yadda ka faɗa yanzu. Takarda kawai ake miƙa musu.

Sista Mai Aikin Dare: Saura abin da ya fi dawo mana da masu irin ledar Baba, kuma ba kowa ke faɗa ba. Tasa daban take da ta Kawu. Ta Kawu daga babban hanji ce, kashi mai kauri. Ta wucin gadi yawanci daga ƙaramin hanji ake fito da ita a gefen dama, abin da ke fita ruwa-ruwa ne kamar kunu, yana tafiya da gishirin jiki. A zafin Maris da Afrilu mutum zai bushe cikin kwana biyu ƙoda ta tsaya. Ki samu wata roba da kika san awonta, ki riƙa auna abin da kika zubar kina rubutawa. In ya kai lita ɗaya da rabi a yini, ko fitsarinsa ya ragu ya koma kalar shayi, ko yana jiri in ya miƙe, ku dawo.

Abu Fatima: Ai wannan mai sauƙi ne, a ɗura masa ruwan sha da yawa.

Sista Mai Aikin Dare: Nan ne mutane ke faɗawa rami. In ledar na zuba da yawa, zallar ruwa da shayi da lemon kwalba ƙara gudun suke yi, suna wanke gishirin su fita da shi. Ruwan gishiri da sukari na sacet, irin wanda ake ba yara masu gudawa, shi zai riƙa kurɓa a hankali duk yini. Likita kan ƙara da loperamide, maganin tsayar da gudawa, kafin cin abinci. Tuwon shinkafa, ayaba, dankali, burodi, taliya suna kaurara shi. Gyaɗa, aya, gasasshiyar masara, kwakwa, kabeji, zogale da rama a dakata da su makonnin farko don suna iya toshe bakin hanjin. Komai ya tauna sosai. Bakin hanjin kuma ja ne kamar cikin baki, haka ake son sa. In ya koma baƙi-baƙi a kira likita.

Maman Hanif: Sista Allah ya biya ki, duk ina kwafewa a littafi. Amma na gane abin da ke cin Baba ba ƙazanta ba ce kawai. Jiya ya ce wa Umma, mutum da najasa a jiki ina sallarsa?

Malam Na Zaure: Ki gaishe da Baba, ki ce masa addini bai bar wannan a buɗe ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin mai yoyon fitsari da makamancinsa: abin da ke fita ba da ikon mutum ba, kuma ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, sai dai an so ya sabunta ta. Ya zubar da ledar kafin salla in ya samu dama, ya yi alwala ya yi sallarsa. In ruku'u da sujada suna ja masa ɗinki, ya yi a zaune. Azumi kuwa, Alƙur'ani ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama a wasu kwanaki, kuma ga bayanin da Sista ta yi na bushewar jiki. In likita ya ce kada ya yi, kada ya yi.

Wani Bawan Allah: Dakta a yi haƙuri da tambaya, ni ma an sa min rana. An ce aikin yana taɓa mazakuta.

Dakta Na Tiyata: Tambaya ce mai kyau, kuma kunya ke hana a yi ta. Jijiyoyin mafitsara da na gaba suna bi ta gefen wurin da ake aiki. Muna ƙoƙarin kauce musu, amma wasu kan samu rauni, na wani ya dawo cikin watanni, na wani ya daɗe, kuma akwai magani. Shi ya sa ma robar fitsari kan ɗan kwana biyu kafin a cire, in an cire kuma fitsari ya ƙi fita a faɗa da wuri. Ka yi maganar da likitanka kafin aiki, kai da shi. Haka bayan an rufe leda, da yawa sukan yi fama da yawan zuwa bayi da kasa riƙewa na wani lokaci. Atisayen matse dubura, kamar mai riƙe tusa, yana taimakawa, a tambayi likita lokacin da za a fara. Kuma kada a ɓace bayan an warke, akwai awon jini na CEA, mai nuna alamar dawowar ciwon, da hoto da ake bibiya da su har shekara biyar.

Ɗan Kurmi: Ni dai har yanzu ina ganin da an gwada na gida tukuna. Amma Allah ya ba da sa'a.

Kawu Direba: Shekara guda suna gwadawa, Ɗan Kurmi.

Maman Hanif: Salam mutanen gida, na dawo da labari, yau kwana goma sha ɗaya da aiki. Kawu ya yi awa guda a waya da Baba, ban san me suka ce ba, ya dai fito ya tambaye ni ko ledar za ta nuna a ƙarƙashin babbar riga. An yi masa alamar biro kamar yadda Kawu ya ce. A dare na biyar na ƙirga bugunsa na samu 112, jikinsa da ɗumi, ya ƙi kunun da ya sha da rana. Wanda ke aiki a daren ya ce in bari sai safe. Na ce a rubuta na faɗa da ƙarfe ɗaya da kwata. Bai ji daɗi ba amma ya kira na sama da shi. Hoto ya nuna ɗan ruwa ya taru a bayan ɗinkin, aka sauya allurai, robar gefen ciki da za a cire aka bar ta. Ba a koma tiyata ba. Gobe ake sa ran sallama, allurar hana daskarewar jini ta sauran kwanakin tana cikin jakata. Sista, fatar gefen hanjin ta fara ja tana masa zafi, in shafa man kaɗanya?

Sista Mai Aikin Dare: Alhamdulillahi, sannu da ƙoƙari. Kada ki shafa mai kowane iri, ledar ba za ta manne ba. Ramin da kuke yankawa ne ya yi faɗi, ruwan yana taɓa fata. Bakin hanjin yana ƙanƙancewa har wajen sati shida zuwa takwas, don haka duk canji a sake aunawa, ramin ya fi shi da kamar milimita 2 kawai. Ki wanke da ruwan ɗumi, ki bari ya bushe sarai, in akwai hodar sitoma, wato wadda aka yi don fatar gefen bakin hanjin, ki barbaɗa kaɗan ki kakkaɓe. Ki riƙa zubarwa tun tana kashi ɗaya cikin uku, kada ta cika ta ja. Wa ke yanka ramin, ke?

Maman Hanif: Ni ce, har zuwa yau da safe. Ya kalli yankan da na yi ya ce ko yaron shagonsa na wata ɗaya ba zai yi wannan aika-aikar ba. Ya sa an kawo masa tabarau da tef ɗinsa daga gida, ya auna da kansa, ya karɓe almakashin.